Jakar goyo ɗaya da za ta shiga jirgi kuma ta hau dutse: wacce zan saya?

Ɗan_Jos: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Wurin aikinmu za su tura ni taro a Marakesh ta ƙasar Maroko cikin watan Oktoba, kuma na ƙudurta idan an tashi daga taron zan wuce in hau dutsen Tubkal kafin in dawo. Ba na son in ba da kayana a jefa a cikin jirgi, domin akwai canjin jirgi a hanya. So nake in sami jakar goyo guda ɗaya wadda zan shiga da ita a hannu, ta ɗauki laftof da kayan sawa na taro, sannan in goya ta in hau dutse ba tare da ta karya mini kafaɗa ba. Idan na dawo kuma ita zan riƙa ɗauka zuwa duwatsun Shere. Akwai irin wannan jakar kuwa? Lita nawa ya kamata?

BabanHanifa: Wa alaikumus salam. Kafin maganar lita, buɗe tikitinka ka ga kilo nawa aka yarje maka a kayan hannu. A nan ake kama mutanenmu. Ethiopian, Emirates da Qatar kilo 7 suke ba mai ƙaramin tikiti, Turkish da Lufthansa kilo 8. British Airways ne ke sakin hannu har kilo 23. Girma kuma yawanci santimita 55 a tsaye, 40 a faɗi, 20 zuwa 23 a kauri, amma na Qatar ya fi haka matsewa, 50 da 37 da 25. Kowane kamfani da nasa awon, kuma suna canzawa, don haka abin da ke rubuce a tikitinka shi ne magana.

Ɗan_Kufena: Osprey Farpoint 40, jaka mai lita 40 ta kamfanin Osprey. Shi ke nan. An yi ta ne daidai awon jirgi, tana buɗewa gaba ɗaya kamar akwati, tana da firam a ciki, wato abin da ke tokare bayanta, da bel ɗin ƙugu na gaske. Idan za a karɓe ta a ƙofar jirgi, akwai marfi mai zif da ke rufe maɗauran duka. Ita nake amfani da ita, da ita nake hawa dutsen Kufena na Zariya.

Jagora_Serti: Malam Ɗan_Kufena, ban raina Kufena ba, amma hawan da za ka gama kafin rana ta yi zafi daban, wunin tafiya daban. Ni aikina kai baƙi cikin gandun dajin Gashaka Gumti, wani lokaci har dutsen Chappal Waddi, wanda ya kai mita 2,419. Masu zuwa da jakunkuna masu buɗewa kamar akwati su ne suke fara neman hutu. Dalili a fili yake. An gajarta jakar don ta shiga jirgi, to kayan da suka rasa wuri a tsaye sai su tafi ta kauri, nauyi ya yi nesa da bayanka yana jan ka baya. Jakar hawan dutse kuwa doguwa ce siririya, a manne take da gadon baya. Taura biyu ba ta taunuwa. Ka zaɓi wanda ya fi maka muhimmanci.

Ɗan_Kufena: Yallaɓai Jagora, gaskiyarka a kan jakunkunan tafiya da yawa, musamman masu siffar bulo da ba su da firam. Amma Farpoint ba ta cikinsu. Kamfanin da ya yi ta da jakar hawan dutse aka san shi, kuma bayan jakar irin na hawan dutse ne. Ban ce ta kai ta asali ba, na ce za ta yi masa aikin.

Injiniya_Damagaram: Bari in saka lissafi a ciki. Santimita 55 sau 40 sau 20 ya ba da 44,000, wato lita 44. Shi ya sa jakunkunan da ake cewa na shiga jirgi suke tsayawa tsakanin lita 35 da 45. Wanda ya ce maka lita 55 ko 60 za ta wuce, sa'a yake nufi, ba ƙa'ida ba. Sai lissafi na biyu, wanda ya fi zafi: kilo 7 ne a hannunka. Jakar kanta kusan kilo 1.5. Laftof da caja su ci kusan kilo 2. Saura 3.5 ke nan na kayan taro da kayan sanyi da kayan wanka. Za ka cika kilo 7 alhali jakar lita 40 ko bakinta ba ta kai ba. To mene ne amfanin sauran filin?

BabanHanifa: Injiniya ya taɓo inda nake so a taɓo. Kuma kada wani ya ce ai ba sa aunawa. Wani wurin ba za a kalle ka ba, wani wurin kuma ma'aikaciya za ta ce ɗora a sikeli tun kafin ta karɓi fasfo ɗinka. Abin da na lura da shi dai, jakar da ke bayan mutum kuma ba ta kumbura ba ba ta cika jan ido kamar akwati mai taya ba.

Malama_Zinariya: Ku yi haƙuri in shigo. Duk kuna ta maganar suna da lita, ba wanda ya tambayi Ɗan_Jos tsawon bayansa. Ku dubi mace mai goyo: ba a kafaɗa take ɗaukar yaro ba, majanyi take ja ta ɗaure, nauyin ya zauna a kan ƙugu, shi ya sa take iya wuni da shi tana aiki. Jaka ma haka ce. Bel ɗin ƙugu shi ya kamata ya ɗauki mafi yawan nauyin, maɗauran kafaɗa aikinsu kawai su hana ta faɗuwa baya. Amma bel ɗin ba zai sauka a kan ƙashin ƙugu ba sai tsawon bayan jakar ya yi daidai da naka.

Ga yadda ake awo. Ka sunkuyar da kai, ka shafa bayan wuyanka, za ka ji wani ƙashi ya turo. Daga nan ake farawa. Sai ka dafa ƙugunka da hannu biyu, manyan yatsu suna kallon baya. Layin da ke tsakanin yatsun nan biyu nan ne ƙarshe. Ka sa wani ya auna maka da tef ɗin tela. Mutum biyu masu tsayi ɗaya za su iya bambanta a wannan awon, domin wani ƙafa ce doguwa, wani baya.

Ɗan_Jos: Na gode ƙwarai Malama, zan sa a auna ni yau da daddare. Ni dai dogo ne, na kai santimita 186.

Jagora_Serti: To ka ga inda matsalar take. Dogon mutum da jakar da aka tsayar a santimita 55, sau da yawa bel ɗin a cibiya yake tsayawa. Idan ka sassauta maɗauran kafaɗa don ya sauko, sai jakar ta rabu da bayanka. Kada ka sayi komai ba ka goya ba.

Ɗan_Kufena: Sabuwar Farpoint ana iya ƙara tsawon bayanta ko a rage. Tsohuwar ce ke zuwa da girma biyu sai ka zaɓi ɗaya. Wani bambancin kuma, a tsohuwar aljihun laftof yana can gaba, nesa da baya, wanda shi ne ainihin abin da Jagora yake kuka da shi. A sabuwar sun dawo da shi kusa da gadon baya.

'Yar_Marwa: Ni akasin hanyar Ɗan_Kufena na bi. Jakar hawan dutse na saya mai lita 30 da 'yan kai, ita nake shiga jirgi da ita. Sirrin shi ne kada firam ɗinta ya zama ƙarfe mai tauri. Idan bayan mai laushi ne kuma ba ka cika aljihun saman ba, sai ka danne murfin ka ja igiyoyin, ta koma ƙasa da santimita 55. Da ita na hau dutsen Kamaru daga Buea, mita 4,000 da ɗoriya, kuma ban ji a kafaɗata ba. Abin da na sadaukar shi ne sauƙin ciro kaya. Ta sama take buɗewa, idan abin da kake nema yana ƙasa sai ka zazzage komai. Na magance wannan da ƙananan jakunkunan yadi masu zif guda uku: ɗaya kayan sawa, ɗaya kayan sanyi, ɗaya wayoyi da caja.

Sannan ga 'yan'uwana mata da ke karantawa: akwai waɗanda aka yanka don jikin mace, maɗauran kafaɗarsu sun lanƙwasa sun kauce wa ƙirji. Fairview ita ce ta mata a gidan su Farpoint, kamfanin Deuter kuma suna rubuta SL a jikin nasu na mata.

Injiniya_Damagaram: Hajiya, wace iri za a guje wa a cikin na hawan dutsen?

'Yar_Marwa: Masu raga a baya wadda aka ɗame a kan firam mai lanƙwasa, irin Deuter Futura ko Osprey Stratos. A dutse daɗi gare su, iska na ratsawa tsakanin bayanka da jakar, ba ka jiƙewa da gumi. Amma firam ɗin ba ya dannuwa, manyansu sukan haura santimita 60, kuma lanƙwasar tana cin wurin kaya. Laftof ma ba ya kwanciya daidai a ciki.

MaiGwanjo_Wambai: Salamu alaikum. Ni a nan Kofar Wambai nake sana'a, kuma jakunkuna suna fitowa a dila. Sabuwar jakar da kuke ambata ta haura dala 150 kafin kuɗin kawowa, ku juya wannan zuwa naira. A gwanjo ana dacewa da Deuter, Quechua, Karrimor, wani lokaci har Osprey. Amma ku san abin da za ku duba. Ku buɗe ku shafa cikin yadin: idan yana danƙo ko yana ɓarewa kamar garin dusa yana wari, rufin da ke hana ruwa ya mutu, ba ya gyaruwa. Ku matsa soson kafaɗa da na ƙugu, idan bai taso ba ya gama aiki. Ku duba kan zif ko an rubuta YKK, sunan kamfanin da ya yi suna wajen yin zif, ku ja shi har ƙarshe sau da yawa, musamman a kusurwa. Maƙallin roba idan ya karye ba komai, ana samunsa, baduku zai ɗinka maka. Zif babba kuwa idan ya lalace a jaka mai buɗewa kamar akwati, jakar ta tashi aiki.

Ɗan_Kufena: Alhaji, jabu fa? Kasuwa cike take da masu tambarin manyan kamfanoni.

MaiGwanjo_Wambai: Jabu a sababbi ya fi yawa. Ka juya maɗaurin kafaɗa ka dubi inda aka haɗa shi da jikin jaka. Ta gaskiya za ka ga ɗinki an maimaita shi a wuri ɗaya ya yi kauri, jabu kuwa layi ɗaya ne aka wuce. Sannan ka lanƙwasa bayan. Idan ta naɗe a hannunka babu abin da ya tokare, babu firam, jakar 'yan makaranta ce aka ƙara wa igiyoyi.

Zango_Kumasi: Mu a nan Gana akwai shagon kayan wasanni na Decathlon a Akara, kuma suna da Forclaz mai lita 40 wadda ake yi don tafiye-tafiye, kuɗinta bai kai na Osprey ba. Abin da ya fi, za ka goya a cikin shago ka zagaya. Ɗan_Jos, a Marakesh ɗin ma akwai Decathlon. Me zai hana ka tafi da wadda kake da ita, ka saya a can bayan ka gwada?

Ɗan_Jos: Wannan shawara ta shige ni, ɗan'uwa. Sai dai in na yi haka zan dawo da jaka biyu, kuma abin da nake gudu ke nan.

Dattijo_Funtuwa: 'Ya'yana, ni ba mai hawan dutse ba ne, amma na ga abin da jaka ke yi wa mutum a Makka. Wanda ya taɓa hawa Jabalun Nur zuwa kogon Hira ya san matakalar nan ba wasa ba ce. Za ka ga bawan Allah da jaka mai igiya siririya ta yanke masa kafaɗa, ga gorunan ruwa a ciki suna dukan bayansa. Haka ma tafiyar Mina zuwa wurin jifa. Ɗana ya ba ni wata ƙarama mai bel a ƙugu da wani maɗauri a ƙirji, kuma wallahi bambancin a bayyane yake. Ina ganin ya kamata masu shirin Umara su ma su saurari wannan magana.

Malama_Zinariya: Allah ya ƙara lafiya Baba. Ruwan nan da ka ambata shi ne abin da ake mantawa. Kowace lita kilo ɗaya ce. Jakar da ta shiga jirgi da kilo 7, idan aka zuba mata ruwa lita 2 ko 3 da guzuri ta kai kilo 10. A wannan nauyin ya kamata a gwada ta, ba a wofi ba. Kuma a duba aljihun gefe: za ka iya miƙa hannu ka zaro gora ba tare da ka sauke jakar ba? Jakunkunan tafiya da yawa a nan suke faɗuwa.

Mai_Tafiya_Agadas: Mu a tsaunukan Ayar jaki da raƙumi ke ɗaukar kaya, mutum ruwansa da rawaninsa kawai yake riƙewa. Ban ga dalilin da zai sa mutum ya goya dukan kayansa ya hau dutse ba in akwai dabba.

BabanHanifa: Maganar nan ta Agadas ta dawo da mu kan Tubkal, domin can ma haka ne. Na hau shi. Daga Marakesh mota za ta kai ka ƙauyen Imlil, wajen mita 1,800. Daga nan tafiyar ƙafa ce ta wuce Sidi Shamharush har masaukin da ke kusan mita 3,200, a can ake kwana. Akwai gado da bargo da abinci, ba ka buƙatar tanti ko tukunya. Alfadarai ne ke kai kaya har masaukin. Da asuba ake tashi a nufi ƙololuwa, mita 4,167, a dawo. Kuma tun ƙarshen 2018 ba a barin baƙo ya hau sai da ɗan jagora, akwai wurin da ake duba fasfo a hanya. To ka ga laftof da kwat ɗin taro ba su da abin yi a sama. Ka bar su a masaukinka na Imlil ko na Marakesh. Ranar ƙololuwa abin da ke bayanka ruwa ne, jaket, safar hannu, hular sanyi, fitilar goshi da ɗan abin taɓawa. Lita 20 ma ta isa.

Zango_Kumasi: Ashe ke nan jaka biyu ce amsar: babba ta jirgi, da ƙarama mai naɗewa a cusa a ciki.

Jagora_Serti: Mai naɗewar nan ba ta da firam ba ta da bel, leda ce da igiya. Zuwa kasuwa ta yi. Amma awa bakwai ko takwas a kan tsakuwa mai zamewa da ruwa lita 3, a'a. Gara ya zazzage babbar, ya ja igiyoyin gefe ta tsuke, ya hau da ita.

'Yar_Marwa: Shi ya sa nake cewa ya sayi ta dutse mai lita 30 zuwa 35 tun farko. Injiniya ya riga ya nuna kilo 7 ba za ta cika lita 40 ba.

Ɗan_Kufena: Hajiya, mutumin nan taro za shi. Riga mai guga da kwat a jaka mai buɗewa ta sama? Zai isa Marakesh kamar an tauna kayan. Kuma a wurin bincike ana cewa a ciro laftof, ga layi a bayanka.

'Yar_Marwa: Otal ɗin taro ba ya rasa dutsen guga. Ciwon baya a mita 4,000 kuwa ba wanda zai goge maka shi.

Kyaftin_Mando: Akwai abin da ba a ambata ba. Duk jakar da ka zaɓa, wasu kayan hawan dutse ba sa shiga cikin jirgi a hannu. Wuƙa za a karɓe. Sandunan dogarawa masu tsini, filayen jirgi da yawa ba sa bari. Tukunyar gas ta girki haramun ce ko a kayan hannu ko a kayan da aka auna. Man shafawa da na kare rana kada kwalba ta wuce mililita 100. Fawabank kuma akasin haka ne, dole ya kasance tare da kai, kuma kada ƙarfinsa ya haura 100Wh, awon wutar da yake riƙewa. Mai 20,000mAh yana wajen 74Wh, za a bar shi ya shiga. Sanduna a Imlil ake hayarsu, har da ƙarafan takalmi na taka ƙanƙara idan ta sauka da wuri, domin ƙarshen Oktoba takan fara.

Injiniya_Damagaram: Takalmin hawan fa? Shi kaɗai ya fi kilo 1.

BabanHanifa: A ƙafa ake sa shi a shiga jirgi, jaket kuma a jiki ko a rataye a hannu. Ba a auna abin da mutum ya sa. Takalmin taro mara nauyi shi ne zai shiga jaka.

Uwar_Biyu_Gombe: Ku kuma tuna da ƙananan jiragen cikin gida. Na taɓa shiga wani mai farfela, ma'ajiyar saman ba ta ɗaukar jaka mai kauri, sai suka karɓi tawa a gindin matakala. Da aka sauke ta, maƙallin bel ɗin ƙugu ya fashe, da alama wani abu ya danne shi. Tun daga nan, kafin in miƙa jaka sai na juya bel ɗin ta gaba na maƙale shi, na ɗaure duk igiyar da ke lilo. Wanda jakarsa ke da marfin rufe maɗaurai ya huta da wannan. Kuma a ciro laftof da fawabank da fasfo kafin a miƙa.

Ɗan_Kufena: Kun ji ko. Marfin da na faɗa tun farko ke nan.

'Yar_Marwa: Rigar ruwan jaka ma tana yin wannan aikin. Ka juya ta ka rufe ɓangaren maɗauran da ita. Kuma dama kana buƙatarta, mu da muka san ruwan Buea ba ma fita babu ita. Ni har babbar leda nake shimfiɗawa a ciki kafin in zuba kaya, domin ruwa yana bi ta gadon baya inda rigar ba ta rufe ba.

Ɗan_Jos: An auna ni kamar yadda Malama ta ce, santimita 53 ne. Na kuma ɗora kayan da nake son ɗauka a sikelin gida ba tare da jaka ba, sun kai kilo 6. Dole in rage. Yanzu zuciyata ta rabu tsakanin sabuwar Farpoint da shawarar 'Yar_Marwa, domin idan na dawo Shere ce za ta fi cin jakar, taro kuwa ba kullum ba.

Malama_Zinariya: Santimita 53 dogon baya ne sosai. Ka nemi wanda yake da ita a Jos ko Kaduna, ka ja bayan har ƙarshensa, ka zuba gorunan ruwa na kilo 10, ka hau bene ka sauko. Ka lura da ƙananan igiyoyi biyu da ke tashi daga saman kafaɗa zuwa jikin jaka. Idan sun ɗaga sama kaɗan, jakar ta yi maka. Idan a kwance suke ko sun yi ƙasa, ta yi maka gajarta.

Jagora_Serti: Da wannan bayan, ni ban ga yadda jakar santimita 55 za ta zauna masa ba. Ya sayi ta dutse mai dogon baya ya biya kuɗin awo a jirgi, ya huta.

Ɗan_Kufena: Kada a yanke hukunci ba a gwada ba. Ɗan_Jos, ina zuwa Jos biki ƙarshen wata. Zan taho da tawa, ka tanadi gorunan ruwan.

MaiGwanjo_Wambai: Ni ma za a buɗe dila ranar Asabar. Idan mai lita 30 zuwa 35 ta fito mai dogon baya zan ɗora hotonta a nan tare da tef a jikinta, ku ga tsawon da idonku.